Wasiƙa daga Landan: Uwar da Aka Kora, da 'Ya'yan da Ta Bari a Gidan Uba

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na gida. Da fatan kowa yana lafiya, ya yara, ya haƙuri da hidimomin yau da kullum. Mu ma nan alhamdu lillahi, sai sanyi da gajeren yini.

Maganar da zan yi da ku yau a kan wani shirin katun ce, kuma ina roƙon manyanmu kada su ce wasan yara ne su wuce. Sunan shirin Avatar: The Last Airbender. Tashar Nickelodeon ta Amurka ce ta nuna shi daga 2005 zuwa 2008, kashi 61 a zango uku, kuma mutum biyu ne suka ƙirƙiro shi, Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko. Da aka saka shi a Netflix ta Amurka a watan Mayun 2020, lokacin kullen korona, sai ya sake tashe kamar sabo, yaran da ba a ko haife su ba sa'ad da aka fara shi suka rungume shi. Labarin wata duniya ce ta al'ummomi huɗu, masu sarrafa ruwa da ƙasa da wuta da iska, inda Daular Wuta ta shafe shekara ɗari tana yaƙar sauran. Akwai batun ruhohi da sake dawowar rai a cikinsa, waɗanda ba aƙidarmu ba ce, don haka ni dai tare nake kallo da yarana, in an zo wurin in yi musu bayani. Amma abin da ya riƙe ni ba yaƙin ba ne. Kusan duk yaran da ke ɗauke da labarin ba su da uwa a kusa, kuma rashin nan shi ke tuƙa su.

Ku fara da Katara, 'yar shekara 14 daga Ƙabilar Ruwa ta Kudu. Tana ƙarama sojojin Daular Wuta suka kawo hari ƙauyensu suna neman mutum na ƙarshe da ya rage mai iya sarrafa ruwa a wannan yanki. Yarinyar ce suke nema ba su sani ba. Mahaifiyarta, Kya, ta ce wa kwamandan ita ce, ya kashe ta a cikin ɗakinta. Daga baya mahaifinsu Hakoda ya tafi fagen yaƙi, ya bar ta ita da wanta Sokka wurin kakarsu Kanna. Tun daga nan Katara ta zama mai wanki, mai ɗinki, mai raba faɗa, mai tuna wa kowa ya ci abinci. Akwai inda ita da abokan tafiyarta suka haɗu da wata mai ciki a hanyar gudun hijira zuwa birnin Ba Sing Se, naƙuda ta kama ta a daji, Katara ce ta karɓi haihuwar, domin ta saba taya kakarta wannan aiki. Mu kan ce babbar ya magajiyar uwa. To ita ba ma ita ce babba ba, Sokka ya girme ta. Don dai ita ce mace, nauyin ya faɗo kanta. A wani kashi Sokka ya faɗa wa abokiyarsu Toph cewa in ya yi ƙoƙarin tuno fuskar mahaifiyarsu, fuskar ƙanwarsa kawai yake gani. Katara tana ɓoye a ƙasan dutsen da suke zaune a kai, cikin ruwa, tana ji. Wannan magana yabo ce, amma duk macen da ta raini ƙannenta tun ita ma tana buƙatar raino ta san akwai ɗaci a cikinta.

Can kusa da ƙarshen shirin ta gano wanda ya kashe mahaifiyarta, Yon Rha, ya tsufa, ya yi ritaya, yana dawowa daga kasuwa da kwandon kayan miya cikin ruwan sama. Ta tsayar da ɗigon ruwan cak a sama, ta mayar da su tsinin ƙanƙara, ta auna shi, ya durƙusa yana kyarma yana roƙo. Ta saki ruwan ya zube. Ba ta kashe shi ba, kuma da bakinta ta ce ba ta yafe masa ba. Na ji daɗin da marubutan ba su tilasta mata yafiyar da ba ta kai zuci ba don kawai shirin yara ne.

Kya uwa ce mai sauƙin so, domin ta mutu a kan 'yarta. Wadda ta raba kan masu kallo ita ce Ursa, matar Ozai sarkin Daular Wuta, uwar Zuko da ƙanwarsa Azula. An fara nuna ta sosai a zango na biyu, a kashin da Zuko yake yawo shi kaɗai yana tuna baya. Suna zaune bakin tafkin fada, ita da shi, suna ba wasu 'yan agwagi masu ƙoƙon kunkuru burodi. Yaron ya kwaikwayi yadda ƙanwarsa ke yi, ya jefi ɗan agwagwa da guntun burodi, uwar agwagwar ta zo ta cije shi a ƙafa. Ursa ta yi dariya ta ce masa haka uwa take in an taɓa ɗanta. Ba a jima ba aka gwada ta. Lu Ten, ɗan yarima Iroh wan Ozai, ya mutu a yaƙin Ba Sing Se, sai Ozai ya je wurin mahaifinsu, Sarki Azulon, ya nemi a ba shi gadon sarautar wansa tun hawaye bai bushe ba. Sarkin ya fusata, ya ce sai Ozai ya ɗanɗana rashin ɗan fari. Wato a kashe Zuko, kuma Ozai ya shirya yi. Cikin dare Ursa ta tashi ɗanta daga barci, ta ce masa duk abin da ta yi don ta kare shi ne, kada ya manta ko shi wane ne, ta ja mayafi ta fita. Gari ya waye Azulon ya mutu, Ozai ya hau gado, Ursa ta ɓace. Da yaron ya kai shekara 13, uban nan da hannunsa ya ƙona masa fuska a gaban jama'a, ya kore shi daga ƙasa.

A kashi na ƙarshe, Zuko ya zama sarki, ya je kurkuku ya tambayi ubansa ina mahaifiyarsa take. Ba a ba da amsa ba, shirin ya ƙare. Masu kallo suka ƙi haƙura. A nan akwai al'adar da masoya wani shiri ke ɗaukar taurarinsa su ci gaba da labarin da kansu, kyauta, su saka a intanet. Akwai shafin FanFiction.net da aka buɗe tun 1998, da Archive of Our Own wanda har ya ci lambar yabo ta Hugo a 2019, da Wattpad, wanda marubutanmu na Hausa suka fi sani. Dubban labarai ne a kan wannan shiri kaɗai. Da yawa na soyayya ne, wa ya dace da wa, waɗannan ba su dame ni ba, kuma ina ba iyaye shawara su duba alamar shekarun da ke kan kowane labari, domin ba duka ne suka dace da yara ba. Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne na uwa.

Babbar 'yata ce ta fara nuna mini su a wayarta, muna kicin ina yanka albasa tana karanto mini tana fassarawa inda Turancin matasa ya fi ƙarfina. A wasu, Kya ba ta mutu ba, Katara ta samu damar zama yarinya, ta yi rigima, a lallashe ta. A wasu, Hakoda ko wani baƙo ne ya tsinci Zuko ya riƙe shi riƙon ɗa. Amma salon da na yi ta cin karo da shi shi ne wanda Ursa, a wannan dare, ta saɓi ɗaya ta ja hannun ɗaya ta gudu da su biyun. Marubuta daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, suna ta komawa wannan dare suna gyara shi. Yawancinsu matasa ne, kuma abin da suke roƙo a fili yake: in za ki tafi, ki tafi da ni.

A 2013 kamfanin Dark Horse ya fitar da littafin zane mai suna The Search, wanda Gene Luen Yang ya rubuta tare da masu shirin, don a ba da amsar. Ashe auren dole aka yi wa Ursa, aka raba ta da saurayinta Ikem na ƙauyen Hira'a, saboda ita jikar Avatar Roku ce (Avatar shi ne mai iya sarrafa ruwa da ƙasa da wuta da iska duka), ana son jininta a gidan sarauta. Ita ta haɗa gubar da ta kashe Azulon, a madadin ran ɗanta. Ta nemi tafiya da yaran, Ozai ya ƙi, ya riƙe su garkuwa. Ta koma ƙauye, kewar 'ya'yan ta hana ta sakat, sai ta je wurin wata ruhi mai sauya fuska, ta karɓi sabuwar fuska da sabon suna, Noriko, ta kuma yarda a shafe mata tunanin rayuwarta ta fada, har da 'ya'yanta. Ta auri Ikem, ta haifi wata 'yar, Kiyi.

Masu kallo da dama sun ji haushin wannan amsa, wasu har yau ba su karɓe ta ba. Wace irin uwa ce za ta zaɓi mantawa? Na fahimci haushin, kuma ba zan ce zaɓin nata daidai ne ba, domin a shekarun da take zaune lafiya a ƙauye ana can ana ƙona ɗanta. Amma ni da na tashi a inda na tashi, ba zan iya jifanta ba. Mata nawa muka sani da aka saka, aka ce su ajiye yaran su fita, wani lokacin da an yaye ɗan ake zuwa a ɗauke shi? A mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji, in uwar ta yi wani auren riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa. Haka yake a littafi. A aikace kuwa, sau da yawa ƙarfi da al'ada ke yanke hukunci. Matar ta gama idda, ta yi zawarci, a sake mata aure a wani gari, kowa yana ce mata ki yi haƙuri, ki manta, ɗa na ubansa ne, in ya girma zai neme ki. Mu muke ba ta shawarar mantawa don ta rayu. Shekara ashirin bayan nan kuma mu ne za mu ce wa ɗan uwarka ba ta damu da kai ba. Abin da ruhin nan ta yi wa Ursa cikin dare ɗaya, mu da bakinmu muke yi wa 'yan uwanmu a hankali.

Inda nake ganin laifin Ursa na gaskiya ba a tafiyar ba ne, tun kafin ta tafi ne, kuma a kan Azula. Yarinya ce mai kaifin basira da mugun wasa, 'yar lelen ubanta don ya ga makami a jikinta. Shirin ya nuna Ursa tana tambayar kanta me ke damun yarinyar nan, kuma bankwanan da ya nuna mana da Zuko kaɗai aka yi. Azula ta girma ta ci birnin Ba Sing Se da dabara tana 'yar shekara 14, amma a bakin teku, gaban ƙawayenta da wanta, ta ce mahaifiyarta dodo ta ɗauke ta, ta wuce maganar da sauri kamar ba komai. Ranar da za a naɗa ta sarauta ta kori bayinta da masu tsaronta, ta tsaya gaban madubi ta kasa ɗaure gashinta, ta sa almakashi ta daddatse shi. Sai ta ga mahaifiyarta a madubin tana ce mata tana son ta. Ta jefi madubin da mataji ya tsage, ta fashe da kuka. A littafin 2013, Noriko, wadda ba ta ma tuna ta ba, ta ce mata in da gaske ita ce ta haife ta, to tana roƙon ta yafe mata da ba ta so ta yadda ya kamata ba. Azula ta ruga cikin daji.

Labaran masoya mafi kyau da na karanta a kan wannan gaɓa suke. Ba sa wanke Azula, ta yi mugunta kuma suna faɗa. Ba sa mayar da Ursa waliyyiya ko muguwa. Sukan zaunar da su biyun a ɗaki guda, uwa mai tsoron 'yarta don tana ganin fuskar mijin da ya zalunce ta a fuskar yarinyar, da 'yar da ta lura da wannan tsoro tun tana ƙarama. Ba wanda ke runguma a shafi na farko. Wannan ya taɓa ni, domin mun san yadda ake ce wa yaro kai dai halin ubanka ka ɗauko, mai maganar tana ganin ta faɗi gaskiya, yaron kuwa abin da ya ji shi ne an sallama shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, muna faɗa, amma yaro mai wuyar sha'ani shi aka fi saurin janye wa jiki.

A shirin da ya biyo baya, The Legend of Korra, wanda aka nuna daga 2012 zuwa 2014, an ga Toph, wadda ta gudu daga gida don iyayenta sun kulle ta saboda makanta, ta zama uwa ta sakar wa 'ya'yanta Lin da Suyin mara fiye da kima, su kuma suka tashi suna jin ba ta kula da su ba. Lin da Suyin sun shafe shekaru da dama ba sa magana da juna.

Roƙona ga ƙannena marubuta, ku da kuke sakin labari shafi-shafi a Wattpad da zaurukan WhatsApp, mutane suna kwana suna jiran ci gaba. Muguwar kishiyar uwa da maraya mai haƙuri mun karanta su har mun haddace. Ina son in karanta labarin matar da ta bar 'ya'ya uku a gidan tsohon mijinta, daga bakinta, ranar salla, tana yi wa 'ya'yan sabon gida kwalliya. Ina son na yarinyar da ta raini ƙannenta har ta rasa makaranta, ba tare da an biya ta da miji mai kuɗi a shafin ƙarshe ba. Da na 'yar da uwarta ba ta iya sonta yadda ta so ɗan'uwanta ba. In akwai wadda ta riga ta rubuta irinsu, don Allah a sanar da ni in nema.

A gaishe da iyaye, a shafa kan yara. Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya.

Taku,
'Yar uwarku a Landan