Ranar da na ga murjani da ransa

Asabar, Jidda.

Ƙarfe goma na dare ta wuce, kunnena na hagu bai gama buɗewa ba, bayan wuyana kuma sai raɗaɗi yake saboda rana, amma barci ba zai zo ba sai na rubuta. Shekarata shida a garin nan, Bahar Maliya na gefena kullum, iyakacina da ita in zauna bakin gaɓa da yamma da kofin shayi ina kallon ruwan Sarki Fahad yana tsiri sama. Yau na shiga cikinta har mita 9.

Yaya ne ya matsa. Shi ya kai shekara biyu yana nutso, duk ƙarshen wata sai ya dawo da hotuna yana cewa gani ya kori ji. Ni kuwa ɗan tudu ne, iyon da na iya na kududdufin unguwarmu ne a Kano, wanda muke yi a ɓoye da damina. Da na gaya wa Hajiya a waya jiya, sai da ta yi shiru kafin ta ce, "Ruwa fa ba sa'an kwando ba ne. Allah ya tsare." Da wannan maganar na kwana.

Muna idar da asuba muka kama hanyar Abhur, arewacin gari, inda teku ta kutso cikin ƙasa kamar kogi, jirage suna jere gefe da gefe. An ba ni takarda na cike: ko ina da asma, ko ciwon zuciya, ko an taɓa yi mini aiki a kunne, ko ina mura. A bakin fita jami'an tsaron iyaka suka duba iƙamominmu, sannan direba ya ba injin wuta.

Ina yi wa Yaya magana a kan jirin da na fara ji, sai malamin nutson ya waiwayo ya ce, "Sannunku 'yan'uwa, daga ina?" Hausarsa da nauyin Larabci a bakinta, amma Hausa ce tsaf. Haifaffen Fot Sudan ne. Kakanninsa mahajjatan ƙasa ne da guzuri ya ƙare musu suka zauna a can. A ruwan Sanganeb da Sha'ab Rumi ya koyi sana'ar, a Sha'ab Rumi ɗin ne Bafaranshe mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa gidan gwaji a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutane suka yi wata guda a ciki. Ya ce har yau ragowar ginin na nan, murjani ya lulluɓe shi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kashe kasuwar baƙi, shi ne ya tsallako. Daga nan na koma kiransa Malam, shi kuma ya ce mini ƙanena, kuma rabin tsorona ya tafi tun ba mu je ko'ina ba.

Bayaninsa bai yi tsawo ba. Tukunyar da za a goya mini, wadda nake zaton iskar asibiti ce a ciki, ashe iskar duniya ce zalla aka matse har matsinta ya ninka na iskar waje sau 200. Ya ce duk mita 10 da mutum ya sauka, ruwa na ƙara masa nauyi daidai da na dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Saboda haka a mita 10 iskar da ke kunne da huhu takan matse ta koma rabi, in ana hawowa kuma ta kumbura ta ninka. Doka ta farko ke nan: kada a riƙe numfashi ko sau ɗaya, musamman wajen hawowa, don huhu na iya yagewa. Ta biyu, a toshe hanci a hura a hankali tun kunne bai fara ciwo ba. Ya nuna mini alamomin hannu, ya jaddada cewa ɗaga babban yatsa a ƙarƙashin ruwa nufinsa "mu hau sama", lafiya lau kuwa sai a haɗa babban yatsa da manuni a yi zobe. Sabon shiga irina ba ya wuce mita 12. Sai ya ɗauki gorar ruwa ta roba wadda babu komai a ciki, ya ɗaure murfin tam, ya cusa a aljihun rigarsa, ya ce zan gani.

Mun yi kusan awa guda muna tafiya. Ruwan shuɗi ne mai duhu kamar baba a marina, can sai ya fara washewa, ya koma kore-kore, ga wasu faci-faci masu ruwan ƙasa a ƙarƙashi. Nan ne sha'ab, in ji su, tudun murjani. Aka ɗaure jirgi a igiyar da ke wurin tun da, ba a jefa anga ba.

Da iyon sama aka fara, gilashi a fuska, bututun numfashi a baki, takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Yaya ya tofa yawu a gilashina ya goge ya ɗauraye, wai don kada ya yi hazo, kuma bai yi ɗin ba. Abin da na fara sani shi ne gishiri. Ɗaci gare shi, har maƙogwaro. Babu kogin da ke zuba a Bahar Maliya duk shekara, ga rana tana ƙafar da ruwan, shi ya sa gishirinta ya kai kusan giram 40 a lita, alhali na manyan tekuna 35 ne. Amfaninsa kuma, ruwan ɗaukar mutum yake yi. Na kwanta rubda ciki na sa fuska.

Subhanallah. Na ɗago da sauri na kalli Yaya, na sake mayarwa. Gari ne guda a ƙasa da ni, bai fi kamu biyar ba. Wani murjanin kamar ƙahon barewa, wani faffaɗa kamar faifai, wani dunƙulalle da zane-zane kamar ƙwaƙwalwar rago. Ƙananan kifaye ruwan lemo, ɗaruruwa, suna tsaye a saman reshe, in inuwata ta gifta su shige gaba ɗaya, in ta wuce su fito gaba ɗaya. Akwai wata ƙatuwar kumba a maƙale cikin dutse, leɓenta shuɗi mai walƙiya, na matsa kusa ta tsuke. Na manta da jiri, na manta da rana, abin da ya ƙona mini wuya ke nan.

Bayan an huta aka ɗaura mini kaya. Bel na dalma a ƙugu, tukunya a baya, nauyi har ƙafata na rawa a kan jirgi, amma ina faɗawa ruwa nauyin ya ɓace. Muka kama igiya muka fara sauka. A wajen mita 3 kunnena na hagu ya ƙi. Na hura, shiru, zafi ya soke ni kamar an tura tsinke. Ruwa ya ɗan shigo gilashin ta gefen gashin baki, ya taɓa hancina, zuciyata ta hau dukan uku-uku. Ba abin da nake so sai sama. Malam ya riƙo kafaɗar rigata, ya matso da fuskarsa daf da tawa, ya nuna idonsa da yatsu biyu, ya fara jan numfashi a hankali yana sakewa don in bi shi. Na bi shi. Ya ɗaga ni sama kamu ɗaya, ya yi mini alamar in haɗiye yawu in sake hurawa. Kunnen ya yi ƙyas, zafin ya tafi. Sannan na danne saman gilashin na fitar da iska ta hanci kamar yadda ya koya mini a sama, ruwan ya fice. Ya tambaye ni da zoben yatsa, na amsa masa da shi.

A ƙasa ya zaro gorar nan. Ta lanƙwashe, ta motse kamar an taka ta. Da muka hau daga baya ta koma yadda take, babu wanda ya taɓa murfin.

Na ɗauka ƙarƙashin teku shiru ne. Bayan gurnanin kumfar numfashina, akwai wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas ko'ina, kamar ana suyar gyaɗa da yashi a maƙwabta. Wani ɓangarenta na ƙananan jatan lande ne, wani kuma na gani da idona: kifin da Larabawa ke kira harid, kore da shuɗi, bakinsa kamar na aku, yana kankare dutsen murjani da haƙori, ya juya ya saki farin gari ta baya. Wannan garin yana cikin abin da ke zama farin yashin bakin gaɓa. A ƙarƙashin wani faifan murjani kuma Malam ya nuna mini kifi mai kauri, toka-toka, yana tsaye kamar mai gadin ƙofa. Ya haska shi da tocila sai ga shi ja wur da ɗigo-ɗigon shuɗi. Najil ne, wanda nake gani kwance a kan ƙanƙara a kasuwar kifi ta Jidda da tsadarsa. Ruwa ne ke shanye jan launi tun daga 'yan mitocin farko, sai an kawo haske yake dawowa.

Wajen juyawa in bi najil ɗin da kallo ne abin ya faru. Ƙafata ta yi ƙasa, na ji takalmin ya bugi wani abu. Na waiga, reshen murjani tsawon ɗan yatsa yana gangarawa kan yashi, wurin da ya karye fari fat kamar ƙashi. Malam bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko shi, ya soka shi a wata tsaga ta dutse inda zai zauna daram, ya gyara mini iskar da ake hurawa cikin rigar nutso don in daina nutsewa, muka ci gaba. Sauran mintunan na yi su hannuwana a harɗe a ƙirji, gwiwa a lanƙwashe.

A jirgi na ce, "Malam, wancan da na karya, dutse ne ko itace?" Ya ce dabba ce, ƙanena. Ƙananan halittu ne dubbai, kowace da bakinta, suna gina wa kansu gidan farar ƙasa, 'ya'ya a kan kangon iyaye. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke yi musu abinci da hasken rana, ita ke ba su launi. In ruwa ya yi zafi fiye da kima na makonni sai su fitar da ita su yi fari, in zafin ya daɗe yunwa ta kashe su. Na tuna fararen wuraren da na gani a gefen tudun, waɗanda na ɗauka ado ne. Masu rassa, in ji shi, suna da saurin girma, kuma guntun da ya soka yana iya kamawa. Dunƙulallun kuwa wajen santimita 1 suke ƙarawa a shekara. Wanda na wuce ta gefensa ya fi ni tsawo.

Ni murjanin da na sani tun ina yaro shi ne na wuyan Kaka, jajayen ƙwayoyi a zare wanda take ajiyewa cikin kumbo sai ranar biki, da kuma wanda muke karantawa a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Malam ya ce irin na wuya yawanci daga Bahar Rum ake ciro shi, dangin juna ne da na nan amma ba iri ɗaya ba. Na nan magina ne. Tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, masu tagogin katako, da nake wucewa ta gabansu in za ni Bab Makka, da dutsen murjani aka gina su. Shekara shida ina jingina da bangon ban san abin da nake taɓawa ba.

Muka yi alwala da ruwan teku, muka yi azahar a zaune saboda tangaɗi, fuska gabas wajen Makka. Aka kawo shinkafa sayadiya da soyayyen kifi. Ina ci ina tunanin kakanmu na wajen uba, wanda ya tako daga Kano ta Chadi da Darfur har Sawakin, ya hau jirgin iska ya tsallako wannan ruwan. Abin da ya riƙa faɗa har ya rasu shi ne daren da aka sauke filafili aka tsaya cik saboda tsoron duwatsun ƙarƙashin ruwa masu fasa jirgi. Na ba Malam labarin, ya gyaɗa kai ya ce nasa kakan a bakin wancan gaɓar ya tsaya, bai samu kuɗin jirgin ba sai da ya tsufa. Ya daɗe yana kallon yamma bai ƙara cewa komai ba.

La'asar sakaliya muka shigo Abhur. Yaya ya tuna mini kada in kuskura in bi abokaina Ɗa'if yau da dare, hawan dutse bayan nutso daidai yake da hawan jirgin sama, sai sinadarin naitirojin da jiki ya sha ya gama fita. Na karɓi lambar Malam don kwas ɗin farko, na ce masa abin da nake so in fara iyawa shi ne tsayuwa a tsakiyar ruwa ba tare da na taɓa komai ba.

Bayan isha'i na kira Hajiya. Ta yi hamdala sau uku. Na tambaye ta ina murjanin Kaka yake yanzu, ta ce yana wajen Gwaggo, zaren ya tsinke an zuba ƙwayoyin a kwalba. Na roƙe ta ta sa a ɗauko mini hotonsa gobe.