Burodin turara da shayin madara a gidan burodin Sinawa na unguwarmu

A gefen unguwarmu, ta wajen Bompai, akwai wani ɗan ƙaramin gidan burodi na Sinawa wanda yawancin masu shigarsa da safe ma'aikatan masana'antu ne, sai kuma 'yan kasuwar da suka saba zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya har bakinsu ya saba da cimar can. Wurin ba shi da faɗi. Kanta guda ce ta gilashi, a bayanta kuma tukunyar ruwa tana tafasa, an ɗora mata kwandunan gora ɗaya bisa ɗaya, tururi yana ratsa su daga ƙasa har sama kamar yadda madambaci yake yi.

Abin da ke cikin kwandunan nan shi ya fi jan hankalina. Na farko shi ne mantou, farin burodi na fulawa da yis da ruwa da ɗan sukari, wanda ba ya ganin tanda ko kaɗan, don haka ba shi da ɓawo, sai wata fata mai santsi da take lotsawa idan aka danna ta da yatsa, sannan ta dawo daidai. Abincin yau da kullum ne a arewacin ƙasar Sin, inda alkama ta fi shinkafa yawa a gonaki. Duk Bakanon da ya tashi yana cin alkubus da miyar taushe zai gane shi tun daga lomar farko, domin hanyar girkin ɗaya ce. Idan aka cusa wani abu a cikin ƙullun kafin a turara, a tattare bakinsa daga sama, sunansa ya koma baozi. Wani da nama da kabeji ake cusa shi, wani kuma da jan wake wanda aka dafa ya yi laushi, aka dame shi da sukari. Mu nan wake na ƙosai ne da alale da ɗanwake, ba mu saba haɗa shi da zaƙi ba, amma ni dai na same shi da daɗi ƙwarai, musamman da yake ba su cika sukari ba. Sharaɗinsa guda ne, a ci shi da zafinsa, domin da zarar ya huce sai ya taurare.

Kayan gashi su ne a cikin gilashin, kuma yawancinsu salon Hong Kong ne, birnin da ya daɗe a hannun Turawan Ingila har zuwa 1997, wanda hakan ya sa madara da bota suka shiga girkinsa. Akwai burodin da suke kira na abarba, ko da yake babu abarba a cikinsa. Wani ƙullu ne na sukari da ƙwai da mai ake shimfiɗa masa a ka, idan ya gasu sai ya tsattsage kamar bayan abarba. A 2014 hukumomin Hong Kong suka sanya yadda ake yin sa cikin jerin al'adun gadon birnin. Kusa da shi akwai ɗan ƙoƙon fulawa mai rugurgujewa da aka cika da haɗin ƙwai da madara, sai kuma ƙwallon garin shinkafa mai danƙo da aka mirgina cikin riɗi aka soya, wanda yarana suka fi so.

Shayinsu na madara baƙin ganye ne mai ƙarfi, ana tace shi ta cikin jakar ƙyalle sau da dama, daga wannan buta zuwa waccan, kafin a zuba madarar gwangwani. Yana da kauri da ɗan ɗaci, kuma ya fi dacewa da burodin abarba. Akwai madarar waken suya mai ɗumi, irin wadda matanmu suke tacewa kafin su yi awara. Matasa kuwa shayin nan mai ƙanƙara suke bi, wanda aka faro a Taiwan a shekarun 1980, mai baƙaƙen ƙwallaye a ƙasan kofi da ake yi da sitacin rogo. Wannan kam zaƙinsa ya yi mini yawa.

Sai dai akwai magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. A girkin gargajiya na kudancin Sin, kitsen alade ne ake murza wa fulawa domin ta yi laushi ta riƙa ɓarewa falle-falle, kuma shahararren baozi na mutanen Guangzhou da Hong Kong, wato char siu bao, naman alade ne a cikinsa. Wani lokaci ma ana zuba giyar shinkafa a haɗin nama. Saboda haka rashin ganin nama a cikin abu ba ya wadatarwa, domin ɗan ƙoƙon ƙwai da madara ma yana iya ɗauke da wannan kitse, kuma ido ba ya gane shi. Na tambayi yaron da ke tsaron kantar, wani matashi ɗan Fagge, ya ce, "Alhaji, ni nake kwaɓa ƙullun da hannuna, bota da man gyaɗa muke sa wa, naman kuma daga mahautanmu ake kawo shi." Har ya ɗauko mini kwalin botar na karanta da kaina.

Kula da halal ba baƙon abu ba ne ga Sinawa. Suna da Musulmi miliyoyi, ciki har da al'ummar Hui, waɗanda gidajen abincinsu suke ɗauke da alamar qingzhen ta halal, kuma 'yan Kantin Kwari masu zuwa Guangzhou ita suke nema kafin su zauna cin abinci. Abin da nake roƙon masu wannan wuri shi ne su rubuta da Hausa, a ɗan kati gaban kowane faranti, irin man da aka yi amfani da shi da abin da aka cusa a ciki, domin uwar da ta shigo saya wa 'ya'yanta ba lallai ne ta tarar da wannan yaro yana tsaron kantar ba.