Kafin ku soka allura a kumburi

Ƙannena da kuka fara aikin asibiti, akwai wani kumburi da bai kamata allura ta taɓa shi ba sai an ɗauki hotonsa. Jakar ruwa ce da tsutsar Echinococcus granulosus ke haddasawa. Tsutsar a hanjin kare take zaune, ƙwanta ya fita ta kashinsa, tumaki da awaki da raƙuma su haɗiye shi wurin kiwo. Mutum kuma yakan ɗauka ta hannun da ya shafi kare, ko ganye da ruwan da suka gurɓata. Yawanci a hanta jakar take fitowa, sai huhu. Da wuya a same ta a tsoka.

Shi ya sa ba ta zo mini a rai ba ranar da wani makiyayi ya nuna mini cinyarsa. Ya ce kumburin ya yi shekaru yana girma a hankali. Babu zazzaɓi, wurin bai yi zafi ba, na danna bai ko yamutsa fuska ba. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni, amma na yanke cewa maruru ne ya yi zurfi. Na soka sirinji ina jiran mugunya, sai ga ruwa garai-garai, ashe jakar tsutsar nan na huda. Kafin in ajiye sirinjin jikinsa ya feso da borin jini, numfashi ya sarƙe, awon jininsa ya faɗi. Allah ya taimake mu akwai adrenaline, allurar gaggawa ta irin wannan yanayin, a kusa.

Ruwan nan idan ya tsiyaya cikin nama, ban da wannan haɗarin, yana shuka sababbin jakunkuna.

Ku tambayi majinyaci: yana kiwo? Akwai karnuka a gidan? Yana aiki a kwata? Ku tura shi sikanin, domin sau da yawa ana ganin ƙananan jakunkuna a cikin babbar. Kada gwajin jini ya ruɗe ku, yana iya nuna babu komai alhali cutar na nan, musamman ta tsoka. Idan a tsoka take, aikin na likitan tiyata ne, ya cire jakar ɗungurungum ba tare da ta fashe ba, a ba da maganin tsutsa na albendazole kafin aiki da bayansa, ana duba lafiyar hanta. Mai ƙaramin ciki ba a ba ta wannan maganin.

Idan za ku sallame shi, ku gaya masa hanta ko huhun dabbar da aka ga ƙululun ruwa a jiki, a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a jefa wa kare.