TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 11: Littafin da Malam ya miƙo mani

Assalamu alaikum. Satin da ya wuce mun tsaya ne a rasuwar Baba, Allah ya jiƙanshi da rahama, inda 'yan zaman makoki suka watse aka bar ni da shagon ɗinki da Inna da ƙannena. To abin da zan faɗa yau ko a gidanmu ba kowa ya sani ba.

Bayan an yi sadakar arba'in wani abu ya same ni wanda na rasa sunanshi. Salla ina yi, asuba ma a masallaci take samuna, amma zuciyar nan kamar an sa mata kwaɗo an kulle, in ɗaga hannu in yi addu'a in shafa ban ji komai ba, da dare kuma wasu tambayoyi su riƙa zo mani waɗanda ko yanzu ba zan iya rubuta su ba. Kuma kun san Katsina, ɗakin kara, wa za ka tunkara ka ce mashi imaninka na rawa? Kafin ka rufe baki an ce iska ce ko sammu, an fara nemo maka rubutun sha. Sai na yi gum.

Malaminmu na zaure da muke ɗaukar Risala wajenshi bayan la'asar, can wajen Ƙofar Sauri, shi ya lura. Wata rana kowa ya biya karatunshi ya tashi sai ya ce in dakata.

"Ɗana, jikinka ne kawai ke zuwa zauren nan kwana biyu."

Na ce, "Allah gafarta Malam, gajiyar aiki ce."

Bai ja maganar ba. Ya shiga cikin gida ya fito da wani ɗan siririn littafi, bangonshi duk ya tsufa, ya ce daga gobe shi za mu riƙa dubawa ni da shi in an watse. Almunƙizu minad Dalal na Imamu Gazali. Ni a da sunan Gazali da littafinshi Ihya'u kawai na san shi, babban malami wanda ake ambata ana sunkuyar da kai, ban taɓa zaton ya rubuta labarin kanshi ba.

Larabcina bai taka kara ya karya ba, dan haka Malam ke karantawa yana fassarawa a hankali. Wallahi tun a farko jikina ya yi sanyi. Mutumin nan da kanshi yake cewa akwai lokacin da shakka ta kama shi kusan wata biyu, har abin da idonshi ya gani da abin da hankalinshi ya yanke duk ya daina amincewa da su, kuma ba hujja ba ce ko iya jera magana ta fitar da shi, wani haske ne Allah ya jefa mashi a ƙirji. Na ce Malam dan Allah a maimaita wajen nan. Ya maimaita.

Amma inda hawaye suka zubo mani shi ne labarin Bagadaza. Ga mutum yana koyarwa a makarantar Nizamiyya, ɗalibai wajen 300 a gabanshi, masu mulki na girmama shi, sai ya zauna ya binciki niyyarshi ya ga ashe ba dan Allah zalla yake yi ba, akwai son suna da son girma a ciki. Kuma ya rubuta! Da hannunshi ya rubuta dan na baya su karanta. Ya ce kusan wata shida yana kai da komo tun daga Rajab na shekarar 488 bayan hijira, wato 1095, da safe ya ƙudurta zai bar komai kafin yamma son duniya ya warware ƙudurin, har Allah ya ɗaure mashi harshe ya zama ko kalma ɗaya ba ya iya faɗa a wajen karatu, abinci ma ya ƙi zama, likitoci suka ce ciwon nan a zuciya yake ba su da maganinshi. Daga ƙarshe ya rabar da dukiyarshi, ya bar ma iyali abin da za su ci, ya nuna ma mutane Makka ya nufa alhali Sham ce a ranshi. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar masallaci ya rufe ma kanshi ƙofa ya wuni. Sai da ya yi wajen shekara 11 kafin ya koma koyarwa a Naisabur.

Tun muna yara muke jin labarin waliyyai, Ɗan Marna da Ɗan Masani da sauransu, Allah ya ba mu albarkacinsu, amma kullum karama ake ba mu da yadda suka kai, ba a cika ba mu labarin daren da mutum ya kasa barci ba. Ni a ganina matasa da yawa da ke fama su kaɗai a ɗaki irin wannan labarin suka fi buƙata, dan wanda bai taɓa jin babba ya yi rauni ba gani yake shi kaɗai ne ɓatacce.

Ranar da muka gama wajen nan na buɗe baki na faɗa ma Malam komai, ina magana ina kuka. Bai yi mani faɗa ba, bai zaro ido ba, cewa ya yi sahabbai ma sun kai ma Annabi (SAW) kukan waswasi, Annabi ya ce masu wannan ƙin abin da suke ji a ransu shi ne tsantsar imani. Ya ce in ci gaba da salla ko ina jin daɗi ko ba na ji, in rage zama ni kaɗai a shago bayan isha'i, sannan in je in zauna da Inna dan ita ma ba barcin take yi ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta tsaya mani, dan ni ban ma lura da halin da Inna ke ciki ba sai da ya faɗa. Abin da ta gaya mani a daren da na shiga ɗakinta, game da Baba da wani bashi da ba wanda ya san da shi, shi zan kawo maku Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu.