Dutsen da ya ɓace kafin sunansa ya zauna

A ƙauyenmu da ke gefen Ringim, idan hunturu ya kama muka kewaye wutar kara bayan sallar isha'i, Kaza da 'Ya'yanta suna nan saman kanmu. Sai da na fara koyarwa a firamare na san cewa a wannan yanki na sama ne, daren 1 ga Janairu 1801, wani masanin taurari ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, ya hango wani ɗan haske daga birnin Palermo da ke tsibirin Sisili. Ya ɗauka tauraro ne, har ya lura kowane dare yana gusawa daga inda ya bar shi. Ashe wani ƙaton dutse ne mai faɗin kilomita kusan 940, wanda ke zagaya rana tsakanin duniyoyin Mars da Jupita, inda dubban irinsa suke.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ɓacewarsa. Piazzi ya bi sawunsa kwana arba'in da 'yan kai, rashin lafiya ta kwantar da shi, sannan hasken rana ya rufe dutsen, aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa. Wani saurayi Bajamushe mai shekara 24, Carl Friedrich Gauss, shi ya zauna da 'yan alƙaluman da aka tara ya lissafo hanyarsa, kuma a ƙarshen Disamba aka same shi kusa da inda lissafin ya nuna. Duk sanda yarana suka yi wa darasin lissafi tsaki, wannan labarin nake ba su.

Piazzi ya raɗa masa Ceres Ferdinandea: Ceres abar bautar Rumawan da ce ta noma, Ferdinand kuwa sarkin Sisili ne. Masanan wasu ƙasashe suka ƙi sunan sarkin, kuma a ganina sun kyauta. Yau ma ba a gaggawar suna. Sai an tabbatar da hanyar dutse a ba shi lamba ta dindindin, sannan a ba wanda ya gano shi wa'adin shekara goma ya kawo suna ga ƙungiyar masana taurari ta duniya, kada ya wuce harafi 16. Ceres ke riƙe da lamba 1.

Ido kaɗai ba ya ganinsa, makarantarmu kuma ba ta da tabarau mai hangen nesa. Don haka nakan ɗauki kara in nuna wa yara wurin da aka fara ganinsa.