Yini guda a Warwick

Da hantsi na shiga jirgin ƙasa a tashar Marylebone da ke Landan, kafin azahar ina Warwick, wanda 'yan garin ke kira Worik. Yawancin waɗanda muka sauka tare sun nufi fadar da Sarki Wiliyam ya kafa a 1068 a bakin kogin Avon. Ni kuwa hasumiyar cocin St Mary ce ta ja ni, don tun daga nesa ake hango ta.

An kafa cocin a 1123. Gobarar 1694 ta cinye babban ɓangaren garin, ta rushe hasumiyar da zauren ibada, aka sake gina su. Amma wutar ba ta taɓa ɗakin da na zo dominsa ba.

Ɗakin na Richard Beauchamp ne, babban basaraken Warwick mai sarautar Earl, sunan da suke furtawa Bicham. Ya rasu a Rouen ta Faransa a 1439, aka kawo gawarsa gida, aka shafe kusan shekara ashirin ana gina masa wannan makwanci. Ga siffarsa nan ta tagulla mai ruwan zinari, kwance cikin sulke, hannuwa a buɗe, ido na kallon sama. Aikin ya ƙayatar da ni matuƙa. Sai dai na kasa mantawa cewa shi ne ke riƙe da birnin Rouen sa'ad da aka tsare Joan ta Arc, budurwar Faransa da ta jagoranci yaƙi da sojojin Ingila, aka ƙona ta a 1431. Na daɗe a tsaye, sha'awa da baƙin ciki suna kokawa a raina.

Can gefe kuma akwai wata 'yar kushewa: ta ɗan Robert Dudley, na hannun daman Sarauniya Elizabet ta Farko. Ɗan ya rasu yana ƙaramin yaro a 1584. An sassaƙa shi cikin 'yar riga doguwa, da dabbar beyar a ƙafafunsa, tambarin gidansu. Ko ba a faɗa maka ba, ka san iyaye sun yi kuka a nan.

Talakan garin fa? Shi ba tagulla, ba dutse. Abin da ya rage masa layi ɗaya ne a littafin cocin unguwarsu, domin tun 1538 aka umarci kowace coci a Ingila ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Da waɗannan littattafai mutane ke bin asalin kakanninsu har yau.

Da la'asar na gangara ƙofar yamma ta garin, inda gidajen katako suka jingina da juna. Dudley ne ya mai da su mazaunin tsofaffin sojoji a 1571, kuma har yanzu tsofaffin sojoji ne ke zaune a ciki.