Maruru ne ko tsutsar ƙuda? Yadda ake ganewa

Da damina akan kawo yara asibiti da ƙuraje a baya, ɗuwawu ko cinya, an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwana da kwanaki babu sauƙi. Sau da yawa ba maruru ba ne, tsutsar ƙudan tumbu ce, wanda masana ke kira Cordylobia anthropophaga.

Macen ƙudan kan zuba ƙwai 100 zuwa 300 a yashin da fitsari ya jiƙa, ko a jikin wankin da aka shanya a inuwa. Cikin kwana 1 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda fata. Shi ya sa ƙurajen ke fitowa inda tufafi ke rufewa, kuma sukan fito da yawa lokaci guda. Don haka a fara da tambaya: ina ake shanya, ana guga kuwa, yaron yana kwana a ƙasa?

Sai a duba bakin ƙurjin da haske mai kyau. Maruru yana nuna ne ya tara mugunya. Na tsutsa kuwa yana da ɗan rami a tsakiya, yana tsattsafar da ruwa-ruwa mai ɗan jini, kuma mai shi yakan ce yana jin motsi ko suka a ciki. Ta wannan ramin take numfashi. A cike shi da man Vaseline mai kauri, a zuba ido. Idan kumfa ta taso, ko wani farin abu ya leƙo ya koma, magana ta ƙare. Idan an daɗe ba a ga komai ba, hoton sikanin yana nuna ta.

Wani kuskure da ake yi shi ne matsewa da ƙarfi tun tana ƙarama. Jikinta da ƙayoyi, takan yage, guntun da ya rage ya jawo kumburi da mugunya. A bari ta leƙo, sannan a zare ta da hantsaki gaba ɗaya.

Kada a yar da ita. A tsoma ta a ruwan zafi ƙwarai na daƙiƙa 30, a saka ta a ispirit mai ƙarfin kashi 70, a kai ɗakin gwaji; da ramukan numfashin bayanta ake gane jinsinta.

Tsutsa a gyambo, hanci, kunne ko ido kuwa, wannan ba aikin gida ba ne. Wasu jinsunan tsutsa nama mai rai suke ci, a kai asibiti a ranar.